Ɗakin Ƙasa a Gidan Bulo

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Inna ta yarda, ko dai in ce ba ta ƙi ba. Za ta baro Zakka ta dawo nan Batsari wurina. Tun da ɓarayin daji suka fara shiga ƙauyukan wajenmu nake fama da ita, sai yau ƙanwata Bara'atu ta bugo daga Safana ta ce an shawo kanta. Ni ba a faɗa mini kai tsaye, ɗan fari ne. Tun tasowata Inna ba ta taɓa kama sunana ba, in na gaishe ta bango take amsa wa. Magana tsakaninmu sai ta bakin wani.

Sharaɗi ɗaya ta aiko da shi: a yi mata ɗakin ƙasa mai rufin azara, irin nata na can. Dariya na yi. Ina aiki a sakatariya, gidana bulo da fenti, sannan in kafa wa uwata ɗakin laka a tsakar gida? A ce Tayyib yana kwana a siminti, tsohuwarsa tana kwana a taɓo? Na ce wa Bara'atu ta ce mata an ji.

Talata, 25 ga Fabrairu

An ɗora wa ɗakin bulon da na gina wa Inna kwano, shuɗi mai sheƙi. Tayil fari. Na sa a buɗe babbar taga ta gilashi ta yamma, don duk wanda ya shigo gidan ita zai fara gani. Darbejiyar da ke wurin na sa an sare, tana tare ginin. Matata Mubina ta ce a bar ta, na ce ita me ta sani game da gini.

Nazifi na ofishinmu ya zo ya zagaya, ya ce na fitar da su kunya. Daɗi kamar ya kashe ni.

Lahadi, 23 ga Maris

An kawo Inna, da azumi a bakinta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi silin, ta dubi tayil, ta cire takalmi kamar za ta shiga masallaci. Zumuɗi ya sa na manta kaina, na ce, “Inna, ɗakin ya yi?” Ta kawar da kai ta ce, “Allah shi yi albarka.”

Na ɗauki hotuna na tura wa dangi. Na dai lura bango take dafawa in za ta taka tayil ɗin. Za ta saba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zafi ba a magana. Wuta ta ƙi zuwa, fankar sama sai ado. Inna ba ta ce komai ba, ke nan lafiya lau.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bari dai in rubuta.

Na dawo daga masallaci, sai Goggo Turai, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta kira ni daga ƙofarta. “Malam Tayyib, taho ka ga baƙuwata.” Na shiga tsohon soronta, wanda kullum nake cewa ya kamata a rushe. Sanyi ya buge ni kamar na leƙa rijiya. Ga Inna kwance a tabarma tana barci, barcin gaske, baki buɗe.

Ashe tun bayan Salla haka ake yi. Ina fita ofis ta naɗe tabarma ta tsallako, kafin in dawo ta koma. Duk layin an sani. Mai shagon kwana ya sani. Ni kaɗai ke yawo da hotuna a waya.

Goggo Turai ba ta rage mini komai ba. “Wanga ɗaki naka ko gurasa anka sa sai ta gasu. Ka ga bayanta kuwa? Duk ƙuraje.” Muryata ta ta da Inna. Da ta gane ni ne, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya bango. Ita ce ma ke jin kunya. Na rasa inda zan sa kaina, na fito ko sallama ban yi ba.

Na tuhumi Mubina. Ta ce, “Ta haɗa ni da Allah kar in faɗa maka. Kuma kai da bakinka ka tambaye ta a gaban mutane, me kake so ta ce?”

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan azahar na shiga ɗakin, na ja ƙofa, na kwanta a gadonta. Niyyata in kai la'asar, in tabbatar wa kaina tsofaffi ne da raki. Kwano yana ƙas-ƙas a sama. Bango ba ya taɓuwa. Rana ta shigo ta tagar nan tawa ta alfahari ta sauka daidai kan matashi. Numfashi ma da ƙyar.

Ban kai ko'ina ba. Na fito jiƙe sharkaf na juye buta a kaina. Mubina tana kallo daga madafi, ta ci gaba da girkinta. Da ma zagina ta yi.

Mace mai hawan jini na saka a nan.

Litinin, 14 ga Afrilu

Bara'atu ta bugo. Inna ta ce a zo a mayar da ita Zakka, wai za ta gyara ɗakinta kafin damina. “Yaya, ta ce can ko ba a barcin dare, da rana mutum na runtsawa.” Makon jiya aka kore shanu a rugar da ke bayan garin, har an rasa rai. Can take son komawa, saboda ni.

Na ce me ya hana ta faɗa tun da wuri? Bara'atu ta ce, “Ta faɗa, Yaya. Sau ɗaya take faɗa, kai ka ce an ji.” Na daka mata tsawa na kashe waya. Ba ta yi laifin komai ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Har yau ina neman hanyar da ba laka a ciki. Na tambayi masu sola ko za su iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Abin ya fi ƙarfina, kuma gwiwoyin Inna ba sa son irin wannan sanyin.

Da yamma na je wurin Mani magini kan maganar ɗakin ƙasa. Ya ce in aka hanzarta za a riga ruwa: bango mai kauri, ƙananan tagogi biyu suna kallon juna, azara daga Safana. Ya tambaye ni ɗakin wa. Na ji bakina ya ce, “Sito ne, na ajiye hatsi.” Wallahi ban shirya faɗar haka ba.

Na tura Mubina ta roƙi Inna ta ɗan jinkirta. Ƙullin kayan Inna dai yana bakin ƙofa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Tubali ya cika tsakar gida, jakuna suna ta sauke ƙasa. Duk wanda ya leƙo ya tambaya, sito nake cewa. Ta taga nake kallon aikin.

Mubina ta ce kwanakin farko, in na fita, Inna kan je ta ƙwanƙwasa bangon da sanda, har ta ce a ƙara ciyawa a lakar. Jiya ta ji ni ina yi wa mai ruwa bayani. Da na fita ta ce wa Mubina, “Ashe sito na. To Allah shi cika shi da hatsi.” Tun daga nan ba ta ƙara duban wajen ba. Ta aika wa Bara'atu ta zo da mota.

Ba zafin ne zai kore ta ba yanzu. Na sani.

Asabar, 10 ga Mayu

An jera azara. Hadari ya fara leƙowa ta gabas, Mani kuma hannu ya yi masa ƙaranci, shi ya sa na naɗe wando na shiga kwaɓin. Ba wani abu ba ne.

Ina miƙa laka sama sai ga Nazifi da wasu biyu daga ofis. Ya tsaya yana dariya. “Oga, a kan sito kake wannan wahala?” Inna tana zaune a inuwar katanga, bayanta gare mu, tana jiran motar Bara'atu.

Na ce, “Ɗakin Inna ne. Wancan mai shuɗin kwanon shi ne siton.” Na ɗaga murya sosai, amma ai Mani yana buga abu a sama, dole mutum ya ɗaga. Nazifi ya dubi tagar gilashi, ya dube ni, ya ce Allah ya taimaka. Litinin za a sha labari a sakatariya. Su sha.

Mota ta zo da la'asar. Na shige ɗaki, ban iya tsayawa in gani ba. Na ji an daɗe ana magana ƙasa-ƙasa, sannan mota ta tashi. Mubina ta leƙo ta ce Bara'atu ita kaɗai ta koma, kuma Inna ta ce in za ta sake zuwa ta biya Zakka ta taho mata da randarta, ta riga ta nuna wa Mani kusurwar da za a girke ta.

Na ce to. Na ce ta ja mini ƙofar, laka ta faɗa mini a ido.

Gobe akwai daɓe. In tashi da wuri.