Abin da Ummi ta dawo da shi daga yaye

Zuwa ga Yaya Hinde,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kin sauka Kaduna lafiya, ke da Malam da yara. Na kira wayarki har na gaji, ba kya ɗauka. Shi ya sa na rubuta a wannan shafi, inda kowa zai gani, ko Allah zai sa ke ma ki gani.

Ke kika raine ni bayan rasuwar Inna. Da lokacin yayen Ummi ya yi, ban yi shawara da kowa ba, na ɗauko ta daga Dutsin-Ma na kai miki Barkiya. Kika karɓe ta kina yi mini tsiya, wai mu 'yan boko ko goyo ba mu iya ba. Na dawo gida nono yana yi mini zogi, amma hankalina kwance.

Ranar da kika maido ta, ta sha lalle da kitso, ga sabbin wanduna cike da leda. Kika ce, “Lahiya lau ɗiyarki take, ko kuka ba ta yi ba.” Na yi ta godiya kamar wawiya.

Ba a jima ba na ga Ummi tana laɓewa bayan ƙyaure, ta miƙe ƙafafu ta matse, fuska ta yi ja, gumi na tsattsafo mata. Na ɗauka nishi take yi. Ashe kashi take riƙewa. In ya fi ƙarfinta ya fito, sai ya zo da tauri kamar na awaki, da ɗigon jini, ita kuma tana ihu tana ƙanƙame wuyana. Ta daina cin tuwo. In ta ga na ɗauko sabulun wanki, sai ta ruga.

A gidan suna a Kurfi na haɗu da Tabawa maƙwabciyarki. Ta zaci na sani, ta yi mini jaje. Daga bakinta na ji cewa Ummi ta ɓata miki shimfiɗa a gaban baƙi, kika tsula mata tsintsiya, kika riƙe ta a kan ramin masai kina cewa dodo zai ja ta in ta sake. Da kashin ya ƙi fita, kika danne ta kika tura mata sabulu. Kin ga jinin, Yaya. Kin wanke wandunan, da suka ƙi fita kika sayo sababbi.

Dukan na iya haɗiye shi, ni ma tsintsiyarki ce ta raine ni. Shirun ne ya ci mini rai. Kin kalli idona kin ce lafiya lau, don kada a ce mai 'ya'ya bakwai ta kasa da yaye. Sunanki kika tsare, 'yata ta biya.

A asibiti malamar ta ce wurin ya ɗan tsage, zafin ne ke sa ta riƙe, riƙewar kuma ke ƙara taurin. Ta hana sabulu, ta hana tsawa, ta ba mu maganin sha mai tausasa bayan gida. Yanzu ruwa nake bin ta da shi, da gwanda, da lemo, da wake, da miyar kuɓewa. Biskit na ɓoye shi. Bayan ta ci abinci sai in ɗora ta a fo a tsakar gida, in zauna kusa ina yi mata waƙa. Malamar ta ce tsoron zai fi ciwon daɗewa, kuma gaskiyarta.

Shekaranjiya ta yi, ba kuka, ba jini. Na tafa mata har maƙwabta suka leƙo. Ta miƙe ta duba zanenta, ta kalle ni ta ce, “Mama, gaya ma Yaya ban ɓata ba.”

To na gaya miki. Har yanzu yabonki take nema, ni kuwa ban san yadda zan yi da ke ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba na son lalle, ba na son wanduna. Ki ɗaga waya ki ce mini kin gani kin ɓoye, shi ke nan.

Allah ya ba Ummi lafiya, ya cire mata wannan tsoro. Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya mini zuciya a kanki, don ni kaɗai na kasa.

Ƙanwarki da kika goya,
Maman Ummi