Ƙullutun da Kika Ɓoye wa Likita

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da yara da jikoki. Ni kam alhamdulillahi, sai dai ƙafafu sun ƙi matakala, a bakin taga nake wuni ni kaɗai. Ba komai.

Ɗanki ya faɗa mini ta waya cewa wata biyar ke nan kina da ƙullutu a mama. Kin kai wa wanzami ya tsaga, kin kuma hana a gaya wa 'yata likita. Wai goggo ba ta buɗe ƙirji a gaban 'yar wanta. Haba Auta! Wannan kunyar ce ta kai matata kabari, kuma da hannunki kika yi mata wankan gawa bayan sankarar mama ta kashe ta. Saboda uwarta yarinyar nan ta ba sankarar mama shekara ashirin. Da safe tana duba marasa lafiya, da yamma tana ɗakin bincike a kan tsokar da aka ciro. Matan da ba ta haɗa komai da su ba suna samun sauƙi a hannunta, ke kuwa kin zaɓi aska!

Na gaya mata. Ki yi fushi, ki daina gaishe ni. Za ta kira ki ranar Laraba, ta haɗa ki da asibiti. Kada ki ɓoye mata komai.

Mu bakwai aka haifa, saura mu biyu. In kin tafi, wa zan rubuta wa?

Allah ya ba ki lafiya.

Yayanki.