Jan Zaren da Aka Aiko Min Daga Indiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, wallahi kaina ya ɗau zafi.

Ni ɗan Ƙanƙara ne, na yi karatun haɗa magunguna a Indiya. A shekarata ta biyu taifot ta kwantar da ni, ba uwa ba uba, iyalin mai gidan da nake haya ne suka yi jinyata. 'Yarsu Sunita ita ke kawo min abinci har na miƙe. Su Hindu ne, suna da wani biki duk damina, mace ta ɗaura wa ɗan uwanta zare a hannu, shi kuma ya yi alkawarin tsaya mata. Sunita ba ta da wa, sai ta ɗaura min, ta ce daga yau ni ne yayanta. Ban yi sujada ga komai ba, alewa kawai na ci, na ce na amsa.

Tun da na dawo duk shekara sai ta aiko zaren. Bana saƙon ya faɗa hannun ƙanwata Hadiza, wadda ke aure a Mabai, ta zo ganin gida. Ta buɗe ta ga jan zare da duwatsu, ba ta ko tambaye ni ba, ta kai wa Baba. Baba ya ce wannan kambu ne, an ɗaure ni tun daga can. Na yi bayani har bakina ya bushe, ya ce shi bai haifi mai ɗaura kayan tsafi ba. Ya ba ni zuwa Juma'a in ƙona shi a gabansa, in goge lambar Sunita, in ba haka ba in daina gaishe shi.

Raina a ɓace na tare Hadiza a zaure, na ce mene ne ribarta a wannan munafuncin. Sai ta fashe da kuka. Ta ce ita ta san ba asiri ba ne, tana ganin bikin a fim. Abin da ya ƙona mata rai, duk mako ina waya da ƙanwar Indiya, amma ita shekara biyu ban taka Mabai ba, kullum in ce hanya ba lafiya. Har ta haihu ta rasa jaririn, a waya na yi mata gaisuwa. Kuma gaskiya ta faɗa.

Yanzu in ƙona, na ci amanar wadda ta yi jinyata. In ƙi, na saɓa wa Baba. Sunita ta turo saƙo tana jiran hoton hannuna da zaren. Hadiza kuma jibi za ta koma, ko kallona ba ta yi. Jama'a, da wa zan fara?