Ƙarar da Ba ta Sifika Ba Ce

Sanyuanli, Guangzhou

Zuwa ga Hajiya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya lau, sai gumin garin nan da ba ya bushewa.

Faifan da Abdulgani ya turo daga Holand ya shigo wayata. Kin san faɗan da na sha yi kan gurmin nan nasa, don karatun injiniya na tura shi, ba kiɗa ba. To amma abokinsa Bature, Yoris, ya fitar da faifansa na farko, wai jaz ne aka gauraya da kiɗan kwamfuta, kuma ga sunan ɗanmu a jiki cikin masu kiɗa, da nawa a bayansa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ƙi saurara a waya, na ce sai a sifika ta gaske zan fara jin sa.

Jiya na kai Alhaji Dogara da Ɗantani da wasu 'yan kasuwar Sabon Gari wurin Tsoho Lam a Huadu, wanda yake haɗa mini sifikoki tun ina ɗan tebur. Sun ce ba za su ba shi aiki ba sai ni, Ilu Mai Kunne, na gwada. Na ɗora tafi a kan akwatin, na rufe ido kamar yadda na saba, na ce yau da kiɗan ɗana za a yi gwajin.

Hajiya, sai ƙaras-ƙaras kamar ana suyar gyaɗa. Ƙaho ya taso ya shaƙe, ganga tana tsallake bugu, gurmin yana in'ina. Aka canja sifika, haka. Aka sake canjawa, haka. Lam ya ce a hankali ko daga kiɗan ne. Na ce masa meiyou, wato babu, babu aibu a aikin ɗana, kayansa ne suka fashe. Na faɗa masa a gaban ma'aikatansa cewa ya tsufa, ya fara cusa mana tarkace. Muka fito, ko shayinsa ban sha ba.

Mutum ya gina suna da kunnensa, ba zai bari a rushe masa ba. Ki gaida kowa.

Naki,
Alhaji Ilu Mai Kunne

Sanyuanli, Guangzhou

Zuwa ga Hajiya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga kiranki ban ɗauka ba, ki yi haƙuri. Lafiyata ƙalau. Bakina ne ba zai iya faɗin wannan ba, shi ya sa na rubuta na ɗauki hoto na turo.

Na je Pazhou da Ɗantani neman wani mai sifika, wurin wani babban kamfani mai ɗakin gwaji da aka lulluɓe da soso. Na ɗora tafi, na rufe ido, na sa faifan. Ƙaras-ƙaras ɗin nan ce dai. Ƙahon ya shaƙe a daidai inda ya shaƙe a Huadu. Ban buɗe ido da wuri ba, don na san abin da zan gani a fuskar Ɗantani.

Da na koma masauki na kira Abdulgani, na tambaye shi cikin dabara ko faifan ya lalace a hanya. Yaron nan ya yi ta dariya don murna. Wai Baba ashe ka ji. Wai da gangan Yoris ya naɗi ƙarar allura a kan tsohon faifan garmaho ya shimfiɗa a ƙarƙashin kiɗan. Ƙahon kuma shi ya yanyanka shi da kwamfuta, gurmin ma haka, in'inar ita ce gwanintar. Ya ce ya faɗa wa Yoris babansa kunne gare shi, ba abin da zai wuce shi. Na ce masa Allah Ya yi albarka, na kashe wayar.

Ni da na taso a bayan Bata ina gyaran rediyo, wanda ko takarda ta tsage a cikin sifika daga bakin ƙofa nake ganewa, na kasa bambance ƙarar da aka sa da ƙarar da ta zo da kanta. Da wannan kaɗai ne da sauƙi. Lam ya faɗa mini gaskiya da bakinsa, na ce meiyou. Tun a can zuciyata ta ɗan raya mini, don ƙarar tana tafiya daidai da bugun ganga, fashewa kuwa ba ta bin ganga. Amma na riga na cika baki da kiɗan ɗana, ga su Dogara suna kallo. Sai na ga gara a ce kayan tsoho ne suka fashe da a ce abin da na zo ina taƙama da shi ne haka.

Yanzu maganar ta zaga. A wurin cin tuwo, kowa cewa yake Mai Kunne ya ce kayan Lam sun mutu. 'Yan Nijar sun janye, wani ɗan Kumasi ma ya fasa. 'Yar Lam ta turo mini hoto ba tare da ta rubuta komai ba: tsohon zaune a ƙasa, ya kwance sifikokin nan duka, yana neman aibin da babu shi. Mutumin da ya koya mini naɗin wayar sifika, ya sa sunana a jikin akwati lokacin da ba wanda ya san ni.

Ɗantani ya ce in yi shiru, shi ba zai faɗa ba, in koma wurin Lam a ɓoye in ba shi aikina kawai. Na so shawarar nan, Hajiya, har na ji kunyar yadda na so ta. Amma ba a ɓoye na ɓata shi ba.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki faɗa wa Abdulgani tukuna.

Naki,
Ilu

Sanyuanli, Guangzhou

Zuwa ga Hajiya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna da yara. Saƙonki ya same ni. Kin ce tun da kika aure ni ba ki taɓa jin na ce na yi kuskure ba, kina son ki ji yadda take fita a bakina. To ta fita, kuma ba daɗi.

Bayan Juma'a, da aka taru cin abinci, na sa aka kawo sifikar Lam da ta babban kamfanin, na jera su a kan tebur. Na sa faifan a wannan, na sa a waccan. Sannan na miƙe na ce kayan Lam lafiyarsu ƙalau, kiɗan ne haka, ni ne ban gane ba, kuma da aka faɗa mini na ƙi ji. Sai Alhaji Dogara ya ce ashe kunnen ma ɗan Huadu ne, a mayar a canjo. Dariya har da masu riƙe ciki. Yanzu Alhaji Ƙaras suke ce mini, har yaran shago. Ina amsawa.

Washegari na koma Huadu da waɗanda suka yarda su bi ni. Na tambayi 'yar Lam yadda ake ba da haƙuri a wurinsu, ta ce mai laifi shi yake zuba shayi ya miƙa da hannu biyu, a tsaye, a gaban mutane. Na sa aka kira ma'aikatan da na zage shi a gabansu. Na zuba, na miƙa. Bai karɓa ba. Ya ci gaba da ɗaure ƙusa a jikin akwati, ni kuwa ina tsaye da babbar riga, kofi yana ƙona mini yatsu. Sai da shayin ya huce ya karɓa ya shanye. Na ƙara masa, ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, yadda suke godiya. Ban sani ba ko ya yafe ne ko ladabi ne kawai, ban kuma isa in tambaya ba.

'Yan Nijar sun dawo masa. Dogara bai dawo ba, ya riga ya ba wasu aikinsa, wannan kuma ba ni da yadda zan gyara.

Kafin mu tafi Lam ya nuna wayata, ya nuna sifika. Muka zauna muka ji faifan daga farko har ƙarshe, ban ɗora tafi ba, ban rufe ido ba. Har yanzu ban gane yawancinsa ba. Amma can kusa da ƙarshe ƙarar ta ɗauke, aka bar gurmin shi kaɗai, ba yanka ba in'ina. Irin bugun da Abdulgani yake yi a soro ne, wanda nake fitowa in hana. A sifikar Lam har motsin yatsansa a kan tsirkiya ana ji.

Yanzu ki faɗa wa Abdulgani duka, kada ki rage. Ki ce masa na ji.

Ki gaida Inna, ki ce ina nan tafe da man ƙafar.

Naki har kullum,
Ilu