Yayana zai sare dogon yaro saboda ciyawar roba

Anti Zuliha, don Allah ki agaza mini kafin Asabar, kaina ya ɗaure.

Ina riƙe da wata ƙaramar lakwal, wato makarantar yara, a Sabon Gari, amma filin na gado ne, yayana kuma shi ya gina. Ɗan kasuwa ne, bai taɓa hana ni komai ba, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Wata ƙungiya za ta duba mu don ba mu shaidar gini mai kiyaye muhalli. Da Yaya ya ji, sai ga mota shaƙe da ciyawar roba, wai tsakar gida ta yi kyau kafin baƙi su zo. Yanzu ya ce ganyen dogon yaron da ke filin zai riƙa ɓata ta, a sare itatuwan. Anti, marigayi babanmu ne ya dasa su, daga Jiratawa ya ɗauko su a keke! Kuma masu dubawar inuwa suke nema, da ƙasa mai shan ruwan sama. An shimfiɗa kaɗan don gwaji, da azahar wata yarinya ta taka ba takalmi, ta ƙwalla ƙara saboda zafi. Ko akuyar maƙwabta shinshinawa ta yi ta wuce. Wallahi tsoro nake ji ya ce na raina alherinsa. Ya riga ya kira masu gatari daga Tsibiri, ran Asabar za su zo.

Ƙanwa mai damuwa, Maradi

Ƙanwata, share hawayenki. Yayanki ba mugu ba ne. Ciyawar ba ta buƙatar ban ruwa, ba ta caɓi da damina, kuma don ya fitar da ke kunya ya saye ta. Fara da godiya, ta gaskiya.

Amma shirunki ba ladabi ba ne, tsoro ne. Kada ki yi masa musu gaban ma'aikata, babba ba ya son ja da baya a idon jama'a. Ki gayyace shi cin abinci gobe da azahar, ku biyu, ki roƙe shi ya tuɓe takalmi ya taka ciyawar. Sannan ki haɗa shi da ƙungiyar, ya ji sharuɗɗan da kunnensa a matsayin mai gini. Ki ba shi mafita: a shimfiɗa ciyawar a lungu guda mai inuwa, yara su riƙa sharar ganye.

In ya ƙi, ki nemi ya ɗaga saran zuwa bayan dubawa. Shaida ana sake nemanta baɗi, amma yaran da ke hannunki za su yi aure kafin sabon dashe ya yi musu inuwa. Ki faɗa masa haka, baki da baki, kafin gatari ya iso.

Allah ya tausasa zuciyarsa, ya jiƙan mahaifinku.