A Dawo Mana da "Son" Kafin Ruwan Shuka

Zuwa ga Mai Girma Direktan ofishin da ke kula da gidajen rediyon karkara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, na koyar a lakwal har alli ya cinye mini yatsu. Abokan ajina da nake gyara wa Faransanci yau suna yawo cikin motoci masu sanyi, ni kuma ina gabatar da shiri kyauta a wani ƙaramin rediyo na ƙasar Dungass. Ba wannan ya sa na rubuto ba, na riga na saba.

Na ɗaya, godiya. Ordinatar da kuka aiko mana bayan girbi, wato kwamfutar nan, tana aiki da Linux, tsarin da ba a saya, kuma kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Ba ta kamuwa da cutar da tsohuwar ke ɗauka duk lokacin da aka soka mata kile, ɗan abin nan na ɗaukar fayil. A rayuwata na ga kayan taimako da yawa sun zo da kiɗa sun ƙare a ƙarƙashin tebur. Wannan kam na yaba.

Na biyu, Dattijo. Shekarun baya na zaga ƙauyuka da rakoda, na ɗauki muryoyin tsofaffi, manoma da makiyaya, suna faɗin inda burtali ya bi: daga wace kuka zuwa wace rijiya, ina ya faɗaɗa, ina ya tsuke. Yawancinsu sun rasu. Muryoyin suna ajiye cikin wani tsohon lojisiyel, wato manhaja, da muke kira Dattijo, kuma shi kaɗai ke iya buɗe su. Kowace shekara kafin shuka nakan saki muryoyin, ina bayani a kai, mutane suna bugo waya. Mutum ba ya iya cin burtali da hauya alhali ya ji kakansa a rediyo yana cewa nan hanyar shanu ce.

Na uku, matsalar. An ƙera Dattijo a zamanin da lojisiyel ɗaya ke riƙe katin sauti shi kaɗai. Sabon tsarin yana da mahaɗa wadda ke gauraya muryoyi da yawa su fita tare, amma Dattijo bai san da ita ba. In ya riga kowa shiga, sai ya kama ƙofar ya rufe: mikro shiru, waya shiru. In wani ya riga shi, sai ya yi zuciya ya ƙi cewa uffan. Halin na san shi, domin ni ma haka nake a zaman majalisa.

Na huɗu, abin da wannan ya jawo mini. Ranar kasuwar Sassumbrum ina cikin shiri komai ya ɗauke. Na rufe Dattijo, na kira ma'aikacinku a waya, ban lura ba ashe mikro ya dawo, masu sauraro na ji. Cikin fushi na ce masa babu son a gidan nan, wata da watanni ina haƙuri. Ni sauti nake nufi, da Faransanci, kamar yadda muke faɗa a wurin aiki. Amma a kunnen Bahaushe son ɗin nan da so namu ba su da nisa. Kafin la'asar yayyen matata Hajiya Rabi sun iso daga Dogo-Dogo a kan babura. Liman ya aiko a ce in yi haƙuri, zaman aure sai da juriya. Ita kuwa Hajiya ta bar su suka gama yi mini nasiha tsaf, tana tuƙa tuwo tana dariya.

Na biyar, amsar ofishinku, wadda ita ba ta ba ni dariya ba. An ce a goge Dattijo tunda ya tsufa. Na san wannan magani, ni ma da shi aka sallame ni. To amma in an goge shi, muryoyin nan sun tafi, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Na karanta bayanin masu tsarin da kaina, da gilashina mai ƙafa ɗaya. Akwai ɗan tafinta da ake ɗorawa tsakanin tsohon lojisiyel da mahaɗa: Dattijo zai ɗauka shi kaɗai ke da ƙofar, alhali ana raba ta da kowa. Kyauta ne. Abin da ya hana ni sa shi, kalmar sirrin ordinatar tana wurinku.

Don haka ina roƙo a dakatar da gogewa. A turo ma'aikaci ya sa tafintan kafin ruwan shuka, ko a ba mu kalmar sirrin. Bayan damina kuma a juye muryoyin zuwa siffar da kowace na'ura ke buɗewa, sannan Dattijo ya huta da mutuncinsa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aiki ba a goge ka ba, ya ba mu damina mai albarka ba tare da rigimar burtali ba. Son na Faransanci kawai muke nema wurinka. Na Hausa, Hajiya ta ce a shaida wa yayyenta yana nan.

Wassalam.

Mushe Isuhu,
tsohon malamin lakwal.