Taswirar da Ta Mayar da Gonar Kaka Zobba

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da addu'ar Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ina sanar da kai cewa gida kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a tsaye.

Sai dai akwai abin takaici. Tsohuwar taswirar yankinmu da ka kwafo daga gidan adana tarihi, wai mu rataye a falo mu yi alfahari, ta faɗa hannun Baffa ana gab da raba gonar marigayi Kaka, wadda ta lulluɓe tudun bayan gari. Ka tuna siraran layukan nan masu kewaye juna, waɗanda masu safiyo suka zana don nuna hawan ƙasa? Baffa ya saƙala tabarau, ya yi gyaran murya, ya yanke hukuncin cewa iyakokin mutanen da ne, kuma duk mai jayayya da su ya raina magabata.

Na miƙe na yi bayanin da, da a jami'a ne, sai an tafa mini. Gwaggo ta ce in zauna, tun ina yaro boko ke cina. Washegari aka kafa turaka. Yanzu kowane magaji gonarsa zobe ce. Baffa ya ɗauki zoben gindi, inda ruwa da taki ke kwanciya. Gwaggo in ta kama kunya ɗaya, sai ta zagaye tudun ta dawo ta tarar da takalmanta. Ni kuwa, saboda zurfin ilimina, an ɗora ni a ƙoli, kan falalen dutsen da ko ƙadangare ba ya yini a kansa.

Da ƙyar aka yarda a dakata da shuka har sai wanda ya aiko da taswirar ya yi magana. Ga hadari ya fara haɗuwa, kuma da zarar iri ya shiga ƙasa, rabo ya zauna ke nan. Idan kana ganin babu ruwanka, to, tsohon layin dogon da ya ratsa taswirar, wanda aka kwashe ƙarafansa tun kafin a haife mu, shi ne kasonka. Baffa ya ce shi ya fi tsawo, ya dace da babba. Faɗinsa taku biyu ne, tsakuwa zalla.

Ka gaishe mini da uwargida da 'yan biyu. Inna tana sa maka albarka. Baffa ma yana gaisuwa, ya ce ka taho da irin da ke tsira a kan tsakuwa.

Naka ƙane,
Mai mulkin kan dutse.